Lightning, rolof ko sarƙa mai gudu: wace hanya za ta ɗauki kuɗin ɗan Tawa?

Kwanan baya ɗan yayata ya zo Yamai daga Tawa, kwamfuta a jaka, buri fal ciki. Ya gama karatu, yana so ya haɗa wata ƴar manhaja da za ta sauƙaƙa wa mutanenmu na Adar biyan kuɗi: dillalan albasa masu loda kamyo daga Galmi zuwa Abijan da Akara, da ƴan ci-rani masu turo na cefane gida. Muna zaune a fada bayan isha'i, shayi na biyu na kan gawayi, sai ya ce: "Kawu, kaina ya kulle. Wannan ya ce Lightning, wancan ya ce Arbitrum, masu canji kuwa ba abin da suka sani sai Tron. Kowa tasa ce ta fi sauri, tasa ce ta fi araha."

Sunayen nan duk hanyoyi ne na aika kuɗin intanet irin su bitcoin ta bulokcen. Na ce masa ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ba su gaya masa ba shi ne me aka bayar aka karɓo saurin. Ga amsar da na ba shi, da ɗan ƙari, don na san ba shi kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba.

Daga ina cunkoson yake

Bulokcen, wanda zan riƙa kira sarƙa ko babban kundi, kundin lissafi ne da dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam-dabam ke riƙe da kwafinsa, kowace tana duba kowane ciniki da kanta. Shi ya sa ba mai iya goge layi ko ƙara wa kansa sifili. Shi ya sa kuma yake tafiyar hawainiya. Bitcoin, tun 2009, shafi ɗaya yake rufewa a kusan kowane minti 10, abin da bai wuce ciniki 7 a daƙiƙa ba. Ethereum da ya zo a 2015 ya daɗe yana ɗaukar wajen 15. In jama'a suka yi yawa sai a koma gwanjo, wanda ya fi biya a fara rubuta nasa. A 2021 an yi ranakun da ciniki ɗaya a Ethereum ya ci dala gommai (dalar Amurka nake nufi, mai yawo kusa da sefa 600, ba dalarmu ta sefa 5 ba, kuma duk inda na ce dala nan gaba ita ce).

Wani zai ce to a faɗaɗa shafin mana. An yi wannan gardamar har ta raba gida: a ranar 1 ga Agustan 2017 Bitcoin Cash ya ɓalle da shafi mai mega 8 a maimakon 1. Damuwar waɗanda suka ƙi ita ce, kundin Bitcoin ya riga ya haura giga 600, amma har yau mai tsohuwar kwamfuta a Yamai zai iya sauke shi ya duba da idonsa. In aka ninka shi sau ɗari, sai manyan kamfanoni masu ɗakunan na'urori a Turai da Amurka kaɗai za su iya. Ka ga an koma banki ta ƙofar baya ke nan. Vitalik Buterin, ɗaya daga waɗanda suka kafa Ethereum, ya kwatanta abin da bukatu uku masu ja-in-ja: sauri, tsaro, da rashin mai gida ɗaya. Ni duwatsun murhu nake ganinsu. Ka ɗaga ɗaya, tukunya ta karkata.

Na ukun ne mutane suka fi saurin sadaukarwa, don ba a ganin amfaninsa sai ranar wuya. Wanda ya zauna a Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki ya tsayar da hada-hadar kuɗi da maƙwabta, ya san yadda ake ji in wani ya riƙe maka famfo daga nesa.

Ma'aunin da zan auna da shi

Farko kuɗi, kuma ba na aikawa kaɗai ba, har da na shiga da na fita. Hanya na iya zama kyauta a tsakiya, a yanke ka a ƙofa.

Sai ƙarko: shekara nawa ta yi tana aiki, sau nawa ta tsaya, da ta tsaya wa ya tashe ta.

Sai sauƙi, amma irin na nan gida. Waya mai ƙaramin ciki, rezo mai zuwa da tafiya, wutar da kan ɗauke a tsakiyar zafin Afrilu. Sama da duka, in kuɗin sun iso, wa zai karɓa ya ba ka sefa a hannu?

Sai haɗari, wanda nake taƙaitawa a tambaya ɗaya: mutum nawa ne in suka haɗa baki, ko aka sace makullansu (lambobin sirrin da ke ba da ikon taɓa kuɗi), kuɗinka sun tafi?

Na ƙarshe shi ne wanda na fi nauyaya wa yaron, ƙofar fita. Ran da masu hanyar suka kulle shago suka ƙi ɗaga waya, kana iya fitar da naka da kanka, ko sai ka roƙa?

Lightning: akwati mai kwaɗo biyu

Ka ɗauka kai da mai shagon unguwarku kun zuba kuɗi a akwati ɗaya mai kwaɗo biyu, kowa da makullinsa. Kullum ka ɗauki sukari ko shinkafa ba a buɗe akwatin. Takarda kawai kuke sabuntawa, ku sa hannu ku biyu: yanzu kaza naka, kaza nasa. Ran da ɗayanku ya gaji, a kai takardar ƙarshe, a buɗe, a raba. Babban kundi abu biyu kacal ya gani, kullewa da buɗewa, ko da kun yi ciniki dubu a tsakani. In kuma mai shagon yana da irin wannan akwati da wani babban dillali a Katako, kana iya biyan dillalin ta hannunsa, kuma an ƙulla abin yadda ba zai iya danne kuɗin a hanya ba. Joseph Poon da Thaddeus Dryja ne suka rubuta tsarin a 2015, ya fara aiki a kan Bitcoin a 2018.

Kuɗin aikawa ƙanƙane ne. Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne, kuma ƙaramin biya yakan ci ƴan satoshi, ya isa cikin daƙiƙoƙi. Tsadar tana wajen kulle akwati da buɗe shi, don a babban kundi ake yi, da farashin ranar. A Afrilun 2024 an yi ranar da matsakaicin kuɗin ciniki a Bitcoin ya haura dala 100. Wanda tilas ta kama shi ya rufe akwatinsa a ranar, ya sha.

Akwai wani abin da masu tallar Lightning ba sa son daɗewa a kai, alhali mu ya fi shafa. Akwati ba ya ɗaukar fiye da abin da aka zuba masa. In duk kuɗin suka gangaro gefenka, ba ka iya karɓar ko sisi sai ka kashe wasu, ko a faɗaɗa akwatin, kuma faɗaɗawa da kuɗinta. Kuɗin ci-rani kuwa gefe ɗaya suke gudu kamar ruwan kwari, daga Abijan zuwa gida, ba sa komawa. Haka kuma babban biya, a ce sefa miliyan 5 na lodin kamyo, yana iya rasa hanyar da ke da faɗin ɗaukarsa, ya dawo.

Wajen sauƙi lalitar waya, wato manhajar da ake ajiye kuɗin a ciki, iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ke riƙe maka makulli. Ba wahala ko kaɗan, sai dai wannan ajiya ce a wurin mutum, kuma wanda ya tuna yadda kasuwar canji ta FTX ta rushe da kuɗin jama'a a Nuwamban 2022 ya san ƙarshen ajiya a hannun wanda ba ka sani ba. Akwai kuma wadda makullin ke hannunka, kamar Phoenix ta kamfanin ACINQ na Faransa, mai lura maka da akwatin a ɓoye tana cire la'adarta. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Kgothatso Ngako, ya ƙirƙiro Machankura a 2022, mai aika bitcoin ta ƙaramar waya da lambobin tauraro da zaure, ba intanet. Dabara ce mai kyau, amma ita ma a hannun mai hidimar kuɗin suke.

In makullin naka ne, wayar sai ta riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci. Abokin akwatinka zai iya gwada kai tsohuwar takarda, wadda rabonsa ya fi yawa a ciki. In aka kama shi cikin wa'adi, duk abin da ke akwatin ya zama naka, shi ya sa ba a cika gwadawa ba. Amma kamun yana bukatar ido, naka ko na masu gadin da ake ɗauka don haka.

Babban haɗarin yana jikin kuɗin kansa. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara ɗaya ya faɗo kusa da 16,000. Mai kuɗin magani ba ya wasa da irin wannan lilo. Ƙofar fita kuwa, duk cikin waɗanda zan ambata ba wadda ta kai ta Lightning: kai kaɗai kana iya rufe akwatin, ka jira ƴan kwanaki, kuɗinka su dawo babban kundi, ba ka nemi yardar kowa ba.

Rolof: a ɗaure dami

Manomi ba ya kai zangarniya ɗaya-ɗaya rumbu, dami yake ɗaurewa. Rolof haka yake yi. Yana tara ciniki ɗaruruwa ko dubbai a waje, ya matse su, ya kai Ethereum a matsayin kaya ɗaya, kuɗin wuri kuma a raba wa kowa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne jerin abin da ke cikin damin ana ajiye shi a Ethereum ɗin, ta yadda kowa zai iya sake lissafin daga tushe. Tun 2020 Ethereum ya ɗauki wannan a matsayin babbar hanyarsa, kuma a ranar 13 ga Maris 2024 gyaran Dencun ya ware wa damuna wani wuri mai araha, inda bayanan ke zama kamar kwana 18. Daga nan kuɗin aikawa ya rushe. Sau da yawa bai kai sefa 25 ba.

Iri biyu ne. Na farko mai kyakkyawan zato: a karɓi damin a kan gaskiya ne, a bar kwana 7 ga duk mai ja ya kawo hujja. Arbitrum da ya buɗe a 2021, da Optimism, da Base na kamfanin Coinbase da ya zo a 2023, duk nan suke. Kwana bakwan nan ba wasa ba ne, na ɗanɗana. Wata shekara, saura kwana huɗu Layya, na danna fitar da ƴan kuɗina daga ɗaya daga cikinsu zuwa Ethereum, ban karanta gargaɗin da ke ƙasa ba. Laifina ne, a rubuce yake. Ragon da na yi wa ido aka sayar, na ƙare da rance wurin maƙwabci, kuɗin suka fito ana cin soyayyen nama. Daga baya na san akwai masu ba ka kuɗin nan take su cire la'ada su jira a madadinka, kuma manyan kasuwannin canji suna karɓa kai tsaye daga rolof.

Na biyu mai hujjar lissafi. Kowane dami yana zuwa da wata shaida ta lissafi wadda Ethereum ke dubawa da kansa, in ba ta yi daidai ba ya ƙi karɓa. zkSync Era, Starknet, Scroll da Linea na cikinsu. Fita ta sa'o'i ce. A tunani ya fi na farko kyau, amma ya fi shi ƙuruciya, ginin nasa ya fi sarƙaƙiya, kuma kasuwarsa ba ta cika kamar ta Arbitrum da Base ba.

To ina aka karkata tukunyar? Wurin ɗan kamasho. Kowane rolof yana da na'urar da ke karɓar ciniki ta jera su layi, kamar mai jera fasinja a tasha, kuma a manyan da na ambata hannu ɗaya ke riƙe da ita. Ba ta iya sace kuɗinka, amma tana iya tsayawa, ko ta ƙi ɗaukar ka. Ta Arbitrum ta tsaya sama da awa ɗaya a Disamban 2023 saboda cunkoso. A Yunin 2024 masu Linea da gangan suka tsayar da tasu bayan an yi sata a wata kasuwa da ke kai. Niyyar kirki ce, amma ta nuna wa kowa cewa akwai maɓallin kashewa, kuma akwai mai shi.

Abin da ke ceton rolof shi ne ƙofar baya. A Arbitrum, in ɗan kamasho ya ƙi ka, kana iya kai buƙatarka Ethereum kai tsaye, bayan awa 24 ta shiga dole. Kuma an ga irin wannan ƙofa ta yi aiki a zahiri: da tsohuwar kasuwar dYdX, wadda ita ma rolof ce, ta rufe a ƙarshen 2024, mutane sun ci gaba da kwashe kuɗinsu ta Ethereum. Sai dai talaka ya sani, bin wannan ƙofa da farashin Ethereum ake yi, kuma sai da mai ido a kan na'ura.

Saura makullan gyara. Yawancinsu akwai ƴan majalisa da ke da ikon canza dokar cikin gaggawa. A Arbitrum mutum 12 ne, 9 suka yarda ya zartu. Shafin L2BEAT yana jera kowane rolof a mataki 0, 1 ko 2 bisa yawan ikon da ya rage a hannun masu shi: lambar na hawa, ikonsu na raguwa. Kafin ka zuba ko jaka ɗaya, leƙa ka ga matakinsa.

Wajen sauƙi abu biyu ke tuntuɓe da sabon shiga. Kana da dala 200 ta USDC (kuɗin intanet da aka ɗaure darajarsa da dala) a lalita, ka tashi aikawa, a ce ba ka da ETH, kuɗin Ethereum, na biyan kuɗin hanya, ko na sefa 10 ne. Na biyu, adireshin duk ƴan gidan Ethereum da 0x yake farawa, iri ɗaya sak, sai mutum ya aika ta Base alhali mai karɓa a Arbitrum yake jira. Celo, wanda ya koma ƙarƙashin Ethereum a Maris 2025, ya magance na farkon, don ana biyan kuɗin hanya da dalar kanta, kuma a kansa MiniPay ta Opera ke aiki da lambar waya. Amma jerin damunansa a waje yake ajiye su, don haka ba zan sa shi layi ɗaya da Arbitrum wajen ƙofar fita ba.

Sarƙar gefe da gada

Wannan kasuwar ƙauye ce mai nata sarkin kasuwa. Tana kusa da birni, tana hulɗa da shi, amma alƙalanta nata ne. Polygon PoS, da ke gefen Ethereum, na da irin waɗannan alƙalai masu tabbatar da ciniki wajen 100. Liquid, da ke gefen Bitcoin tun 2018, makullai 15 ke tsare da kuɗinta, 11 suka haɗu a buɗe. Araha akwai, sauri akwai, Polygon kuma ta daɗe a hannun jama'a. Amma in alƙalan suka haɗa baki, babban kundi ba shi da ta cewa.

Gadar da ke haɗa su da babban kundi ce wurin mutuwa. Wanda ya taɓa canji tsakanin Ƙonni da Illela ya san tsarin: ka ajiye sefa a wannan gefen, a ba ka shaida ka karɓi naira a wancan. In aka yashe rumbun da ke wannan gefen, shaidar da ke hannunka ta zama takardar ƙunshe ƙosai. A Maris 2022 ɓarayi suka samu makullai 5 cikin 9 na gadar Ronin, suka kwashe sama da dala miliyan 600, aka yi kwana 6 ba wanda ya lura. Wata ɗaya kafin nan gadar Wormhole ta yi asarar sama da miliyan 300. Ni dai kuɗina ba sa kwana a kan gada.

Sarƙa mai gudu: Solana da Tron

Waɗannan sun ce a bar kwana-kwana, a gina babban titi a sa manyan injuna. Solana na rufe shafi cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuɗin aikawa bai kai a ambata ba. Amma na'urar mai tabbatarwa tana son ƙwaƙwalwa ta giga ɗaruruwa da intanet irin wanda ba a samu a gida. Ta tsaya kusan awa 17 a Satumban 2021, ta sake tsayawa wajen awa 5 a Fabrairun 2024, kuma kowane karo sai da masu injunan suka yi shawara suka tashe ta.

Tron kuwa dole a faɗi gaskiya a kanta, ita ce a kasuwa. Je ka wurin mai canjin USDT (dalar intanet irin USDC) a Yamai, kafin ka zauna zai miƙo maka adireshi mai farawa da T. Ɗan kasuwar da ke Dubai ko Gwanju ita ya sani. Wannan sauƙi ne na gaske, ba abin rainawa ba. Amma wakilai 27 kacal ke rubuta kundin, kuma araharta ta ragu: wanda bai kulle TRX, kuɗin Tron, ya tara abin da suke kira makamashi ba, aika USDT yakan ci masa dala ɗaya ko fiye.

A nan zan ɗan ratse, don abin ya shafi kowace hanya. USDT na kamfanin Tether ne, USDC na Circle, kuma kowannensu yana iya daskarar da adireshi, sun kuma sha yi. Ko ta wace hanya dalar ta biyo, igiyarta na hannun mai ita.

Tsaga kundi

Dabarar ita ce a raba kundin gona-gona, kowane rukuni na kwamfutoci ya lura da tasa. Ethereum ya taɓa shirin tsagi 64, ya ajiye ya koma ga rolof. NEAR da TON suna amfani da irinta, Polkadot da Cosmos kuma sun bi hanyar sarƙoƙi da yawa masu magana da juna. Ga ɗalibi fage ne mai daɗin bincike. Ga mai aika kuɗi, ba na ganin dalilin farawa da ita.

| Hanya | Kuɗin aikawa | Ƙarko | Sauƙi a nan | Babban haɗari | Ƙofar fita |
|---|---|---|---|---|---|
| Lightning | ƴan satoshi, amma kulle akwati da buɗewa na iya tsada | tun 2018 | matsakaici, yana son rezo | lilon farashi, cikar akwati | a hannunka take |
| Rolof mai kyakkyawan zato | sau da yawa ƙasa da sefa 25 | tun 2021, yakan ɗan tsaya | sai da ɗan ETH | ɗan kamasho ɗaya, makullan gyara | akwai, jiran kwana 7 |
| Rolof mai hujjar lissafi | kusan daidai da na sama | ya fi ƙuruciya | masu karɓa kaɗan | kuskuren gini, makullan gyara | ta bambanta, fita cikin sa'o'i |
| Sarƙar gefe | araha sosai | Liquid 2018, Polygon 2020 | ba laifi | gada, alƙalai kaɗan | sai da yardarsu |
| Solana | kusan ba komai | tun 2020, ta tsaya sau da dama | ba laifi | tsayawa, tsadar injuna | sai ta tashi |
| Tron | dala 1 ko fiye ga USDT | tun 2018 | ta fi kowa masu canji | wakilai 27 | sai da yardarsu |

Wa zai ɗauki wace

In tsohuwa ce a ƙauye ake turo wa jaka 20 duk wata, kada a wahalar da ita. Gidajen aika kuɗi da muka saba da su, masu rassa har cikin ƙananan garuruwa, sun fi mata duk abin da na lissafa. Ta je da katinta, ta karɓi sefa, ta wuce kasuwa.

In matashi ne mai aiki ta intanet, ana biyansa kaɗan-kaɗan daga waje, ko masu ƙananan ciniki a tsakaninsu inda kuɗin ke zuwa suna komawa, Lightning ce, da lalitar da makullinta ke hannunsa. Abin da zai ci a watan ya canza shi sefa da wuri.

Dillalin albasa mai jiran kuɗin lodi daga Akara ko Abijan, dala yake so ba lilo ba, kuma hanyar da abokin cinikinsa da mai canjinsa suka sani ita zai bi. Yau yawanci Tron ce. Ya bi ta kamar yadda ake bin tasha, a shiga a fita a ranar. In duka ɓangarorin sun iya Arbitrum ko Base, ni can zan tura shi, don ya fi araha kuma akwai ƙofar baya. Kowace ce, ya fara aika ta gwaji, dala 5, ya ji ta isa kafin ya saki sauran. Ciniki in ya shiga kundi ba ya dawowa.

Mai ajiyar shekaru, wanda ya riga ya auna lilon farashi, ya kuma ji ta bakin malaminsa tunda malamai sun saɓa a kan wannan kuɗi, ya bar duk hanyoyin saurin nan. Ya ajiye a babban kundi, ya biya tsadar sau ɗaya, kalmomin sirri 12 da ke buɗe lalitarsa a takarda, a wurin da gara da ruwan sama ba sa kaiwa, ba hoto a waya ba.

Mai son ya zama ɗaya daga masu tsaron kundin, Bitcoin ne ke cikin ikonsa: tsohuwar kwamfuta, faifai mai tera 1 ko 2, farantin sola da batir. Saukewar farko ce mai cin kati, gara a yi ta inda intanet ba shi da awo.

Shi kuwa ɗan yayata na ce ya gina a kan rolof da ya kai mataki 1, ya tsara yadda manhajar za ta biya wa mutane kuɗin hanya don kada a tambayi Alhaji mai albasa ina ETH ɗinsa. Kada ya gina gada tasa. Kada kuma ya riƙe kuɗin kowa, don sefa ce kaɗai kuɗin doka a ƙasashen UEMOA, kuma fitar da kuɗin lantarki sai da izinin BCEAO, ya ga masanin doka tun kafin ya rubuta layin farko. Na kuma ba shi aiki: in ya koma Tawa ya zaga masu canji goma, ya tambayi kowa ta wace hanya yake karɓa, nawa yake cirewa.

Bayan kwana biyu ya kira ni. Na farkon da ya samu, wani dattijo, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce: "Tron kawai, ɗana." Sannan ya tambaye shi ko manhajar tasa za ta yi aiki ranar da ba rezo.